Tambaya ga masu nutso: ɗaura bawul ɗin fitsari a busasshiyar riga

Ɗan Bolari ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Manyanmu da abokan sana'a, ina gaisuwa. Maganar da na kawo tana da nauyi a baki, sai ku yi mini afuwa, amma ran wanka ba a ɓoyon cibi.

A Gombe nake, unguwar Bolari, kuma nutso ne hanyar abincina. A kudu na koyi aikin, na dawo gida ina bin 'yan kwangila: duba ƙofofin dam, share ragar ƙarfen da ke tare itatuwa da ciyayi a bakin bututun jan ruwa, ɗaure injin ban ruwa ko kwalekwalen da ya nutse a ciro shi. Yawancin aikina a Dadin Kowa ne, wani lokaci a kira mu Balanga. Tun da na fara, jiƙaƙƙiyar riga nake sawa, irin wadda ruwa ke shiga ya kwanta tsakaninta da fata. A cikinta bawali bai taɓa zama abin tambaya ba. Kowa ya san abin da ake yi, in an fito a yi wanka a wanke riga.

Abu biyu ne suka sa na canza. Akwai aikin da ake sa ran farawa a Disamba, tsakiyar hunturu, kuma aiki ne na zama wuri ɗaya a zurfin mita 12 zuwa 15, hannu kawai ke motsi. Wanda bai taɓa yi ba zai ce ai ruwan Gongola ba shi da wani sanyi. To ya zauna awa ɗaya da rabi a ƙasa ba ya iyo, ya fito iskar hunturu ta buge shi a kan kwalekwale, zai ba da labari. Sannan bara na yi fama da tsargiya, na sha magani na warke, likitan ya ce in rage haɗa fatata da ruwan dam iya ƙoƙarina. Shi ya sa na tara kuɗi na sayi busasshiyar riga ta hannu a wurin wani abokin aiki a Fatakwal, irin mai yadi ninki uku, zif a ƙirji, roba a wuya da wuyan hannu.

Rigar lafiyarta ƙalau, ɗigon ruwa ba ya shiga. Amma inda ruwa ba ya shiga, ba ya kuma fita. Da na gwada ta, ban daɗe a ƙasa ba marata ta cika fam. Kafin in hau, a zuge mini zif, in zare wuyan robar a hankali don kada ya yage, in sauke rigar zuwa ƙugu, Allah kaɗai Ya san halin da nake ciki.

A cikin jakar rigar na tarar da wata 'yar leda. A ciki akwai baƙin bawul mai hula da ake murɗawa, noti na roba, wosha ɗaya, da siririn baƙin tiyo mai tsawon kamu guda da ɗan wani abu. Babu takarda ko ɗaya. Wanda ya sayar mini ya ce bawul ɗin fitsari ne, ya saya bai taɓa ɗaurawa ba. Rigar kuma ba ta da huji a cinya.

Abokan aikina suna cewa maganin abin shi ne mutum ya daina shan ruwa tun daren jiya. Hankalina bai kwanta da wannan ba. Ina roƙon wanda ya taɓa amfani da wannan bawul ya yi mini bayani: a ina ake huda rigar, da wane irin gam ake liƙe shi, yaya tiyon yake haɗuwa da jikin mutum, kuma shin ba ya jawo wata cuta? Allah Ya saka da alheri.

Mai Kwalekwale ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ni ba mai nutso ba ne, amma na daɗe ina tuƙa irinku a dam ɗin nan, ina riƙe muku igiya. Ni dai ban ga dalilin da za ka ɗauki riga mai tsada haka ka huda ta da hannunka ba. In ta ɓaci wa zai gyara maka a Gombe? Masu faci taya suka sani. Ka je kemis ka sayi famfas na manya irin wanda ake sa wa tsofaffi marasa lafiya, ka sa a ciki, in ka fito ka cire ka yar. Babu huji, babu gam, babu tiyo.

Kuma ka yi tunanin zafin garin nan. Hunturu wata biyu ne ko uku. Daga Maris rana za ta kai maki 40, wa zai iya shiga wannan riga a kan kwalekwale da tsakar rana? Na ga mutum ya kusa suma a cikin jiƙaƙƙiya ma, balle wadda iska ba ta ratsawa. Shawarata ke nan, Allah Ya tsare.

Baban Khalifa ya rubuta:

Wa alaikumus salam warahmatullah. Ƙanena, ka yi daidai da ka tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ni daga Bauchi nake rubutu, Fadaman Mada. Na yi aikin nutso a teku wajen rijiyoyin mai, na kuma yi horo a Afirka ta Kudu, ɓangaren tekun Atlantika, inda ruwa ke da tsananin sanyi. A can na saba da wannan bawul, kuma har yau da shi nake shiga.

Kafin komai, don Allah ka faɗa wa abokan aikinka su bar maganar ƙin shan ruwa. Wannan ita ce ta tayar mini da hankali a rubutunka. Yawan bawalin da kake ji a ƙasa ba don ka cika shan ruwa ba ne. Da zarar mutum ya shiga ruwa, nauyin ruwan da sanyinsa suna matse jijiyoyin ƙafafu da hannaye, jini ya tattaru a ƙirji. Zuciya sai ta ɗauka ruwa ya yi yawa a jiki, ta aika wa ƙoda ta zubar. Ko ka sha ko ba ka sha ba, ƙoda za ta yi aikinta. Ga gumin da ka yi a sama lokacin shiri, ga busasshiyar iskar silinda da ke ɗebe danshi da kowane numfashi. Mutumin da ya shiga da ƙishirwa zai fito jininsa ya yi kauri, kuma masana lafiyar nutso suna lissafa wannan cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin ciwon kumfar jini, wato iskar naitirojin da ta narke a jiki a ƙasa ta tashi ta zama kumfa lokacin hawa. Daga Dadin Kowa zuwa inda za a sa mutum a ɗakin matsin iska, inda ake jinyar wannan ciwo, tafiya ce mai nisa. Saboda haka aka ƙera bawul ɗin nan: don mai nutso ya sha ruwa ya ƙoshi, ya kuma tsaya tsayuwar da teburinsa na lissafin zurfi da lokaci ya ce ya tsaya a hanyar hawa, ba tare da mara ta kore shi sama da wuri ba.

Famfas da Mai Kwalekwale ya ambata ba abin raini ba ne, masu nutso da yawa suna sawa, musamman mata. Amma yana da iyakar abin da yake sha. Na awa ɗaya zai iya riƙe ka. Aikin da ka bayyana kuwa zai cika shi, ya zubo ya jiƙa kayan ɗumin da ke ciki, ka koma kana kaɗuwa cikin rigar da ka saya don gudun sanyi. Maganarsa ta zafi kuma gaskiya ce: ka sa rigar a inuwa, daf da shiga, a riƙa zuba maka ruwa a ka in jira ya yi tsawo.

Yanzu ka ɗauko bawul ɗin ka duba, domin iri biyu ne, kuma bambancinsu ya shafi lafiyarka. Akwai mai daidaita iska, akwai maras daidaitawa. Maras daidaitawa hanya ce kawai miƙaƙƙiya, da ƙusa mai murɗi a waje: ka buɗe ka yi, ka rufe. Mai daidaitawa yana da 'yan robobi biyu masu barin abu ya wuce ta gefe ɗaya kawai. Ɗaya tana barin fitsari ya fita, ta hana ruwan waje shigowa. Ɗayar, wadda aka yi wa siffar bakin agwagwa, tana ɓangaren ciki, tana barin iskar cikin riga ta shiga tiyon. In ka ga wata 'yar ƙofa ta biyu a gefen da zai kasance cikin riga, mai roba mai tsaga, to naka mai daidaitawa ne. Halcyon da Si Tech da Light Monkey duk suna yin irinsa, ka duba ko akwai suna a jikin hular.

Amfanin wannan 'yar roba babba ne. Ka sani duk kusan mita 10 da ka sauka, matsi yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar sama guda. A mita 10 iskar da ke cikin tiyo za ta koma rabin girmanta. In tiyon a rufe yake kuma babu inda iska za ta shigo ta cike gurbin, abin da ke ɗaya bakin tiyon shi zai cike, wato jikinka. Zai tsotse ka yadda ƙahon wanzami ke tsotsar fata, kuma a wurin da ba ya jure wannan. Masu amfani da maras daidaitawa suna kauce wa haka ta hanyar fara yin bawali tun suna saman ruwa, tiyon ya cika da ruwa maimakon iska, tunda ruwa ba ya matsuwa. A hanyar hawa kuma abin juyawa yake: iskar da ta maƙale a rufaffen tiyo za ta kumbura, ko ta fisge abin da ke jikinka ko ta tura kanta cikin mafitsara. Ga mai shiga ruwan dam ni ba na ba da shawarar maras daidaitawa ko kaɗan, domin duk lokacin da ka buɗe ƙusar ka buɗe wa ruwan waje hanya.

Huda riga. Kada ka auna ta a shimfiɗe a ƙasa. Ka sa kayan ɗuminka, ka sa rigar, ka ɗaura duk ɗamarun da kake aiki da su, har da wanda ke bi ta tsakanin ƙafafu. Ka tsuguna, ka durƙusa, ka kwanta rub da ciki yadda kake yi a wurin aiki. Wurin bawul shi ne cinya, ta ciki amma ya ɗan karkato gaba, inda hannunka zai kai da safar hannu, inda ɗaya cinyar ba za ta riƙa gogarsa ba, inda kuma ba za ka danne shi da ƙarfe in ka durƙusa ba. Ka nisanci ɗinki da kamar faɗin yatsu uku, ka nisanci aljihu. Wani ya yi maka alama da alli. Ka cire rigar, ka sake sawa, ka ga ko alamar tana inda ka so. Huji sau ɗaya ake yinsa.

Ka ɗora woshar a kan alamar ka zana da'irar cikinta. Sai ka cusa katako mai faɗi cikin ƙafar rigar. Wannan katako kada ka manta da shi, in ba haka ba za ka huda gaba da baya lokaci guda. Abin hudar fata na dukawa ya fi reza, domin yana fitar da da'ira sumul, reza kuwa tana barin 'yar tsaga da za ta ci gaba da yagewa. Gara hujin ya ɗan matse, a tura bawul da ɗan ƙarfi, da ya yi sako-sako. Ka goge kewayen da sifirit ciki da waje, ya bushe, ka shafa siririn gam irin na kayan nutso, Aquaseal shi aka fi sani. Kada ka kusanto da sufa-gulu, bushewa yake ya yi tauri ya karye yadi. Ka zura bawul a hujin, ka sa wosha da noti, bakin tiyon yana kallon sama wajen ƙugu. Da hannu za ka ɗaure, ba da filaya ba, notin roba ne. Ka bar shi kwana ɗaya cur kafin ka taɓa.

Washegari ka toshe wuyan rigar da ƙwallo ko robar ruwa, wuyan hannu da gwangwani, ka zuge zif, ka hura mata iska kaɗan daga silinda, ka shafa ruwan sabulu kewaye da bawul. In ba ka ga kumfa na tashi ba, ka gama da riga.

Tunda kuma a bakin bututun dam kake aiki, bari in faɗi abin da ka sani amma ba ya tsufa: kada ka sauka sai ka ga an rufe ƙofa an sa kwaɗo, mabuɗin yana hannun mutuminka. Jan ruwa a irin wannan wuri ba ya ba da sanarwa.

Ɗan Bolari ya rubuta:

Yaya, Allah Ya biya ka da Aljanna, Ya raya Khalifa. Na duba, akwai 'yar ƙofar nan ta biyu da roba mai tsaga a ciki, na hura tiyon iska ta fita ta waje, na zuƙa ta waje ba ta dawo ba. Ke nan mai daidaitawa ne, alhamdulillah.

Saura ɓangaren da ya fi yi mini nauyin tambaya. Tiyon nan da me ake haɗa shi da jiki? Wani ya ce mini robar fitsari ce irin ta asibiti da ake zurawa ciki, in haka ne gaskiya na haƙura. Wani kuma ya ce in sayi kwaroron roba in huda bakinsa in ɗaure da salatif. Sannan batun sallah: in na ɗaura tun safe, azahar ta same ni a kan kwalekwale, yaya zan yi da tsarki?

Ma'aikacin Jinya ya rubuta:

Salamu alaikum. Malam, ban taɓa nutso ba, amma abin da kake tambaya kayan aikinmu ne a ɗakin maza, a nan Bauchi nake aiki. Ba a zura komai ciki, ka kwantar da hankalinka. Akwai robar fitsari ta waje, wadda muke sa wa masu yoyon fitsari da waɗanda suka sami shanyewar jiki. Siffarta ta kwaroron roba ce, amma cikinta da gam, bakinta kuma yana da ɗan bututu da ake haɗawa da tiyo. Coloplast suna yin wata mai suna Conveen, akwai na wasu kamfanonin. Ka nemi ta silikon, domin wasu fatarsu ba ta shiri da robar latas. Ƙananan kemis ba su cika ajiyewa ba, sai masu sayar da kayan asibiti, ko ka sa a aiko maka daga Kano ko Legas.

Maganar kwaroron roba da salatif, ina roƙonka da girman Allah kada ka yi. Shi yana da maiƙo, ba ya kama fata, shi ya sa mutane ke naɗa salatif ko kyauro su matse. Duk abin da ya zagaye wurin nan ya matse, jini yake tsayarwa. Mun ga waɗanda aka kawo mana da kumburi da gyambo saboda ɗaurin gida, kuma su suna kwance ne a gado inda za a iya kwancewa nan take. Kai kana ƙasan ruwa cikin rigar da hannunka ba ya shiga.

Ita robar fitsarin tana da lamba, ana auna kauri da milimita, daga wajen 25 zuwa 40. Kamfanonin suna ba da 'yar takardar awo, ka auna kanka a ɗaki, kada ka yi ƙiyasi. Ƙarama tana matsewa, babba tana naɗewa ta yi yoyo. Gashin mara dole a rage shi, mu dama addini ya hore mu kada ya wuce kwana 40. Amma kada ka yi aski da reza ranar aiki ko daren aiki, ƙananan yankan da ido ba ya gani su ne ƙofar ƙwayoyin cuta. Ka yi da kilifa ko almakashi kwana biyu kafin nan. Ka wanke da sabulu maras mai, ka bushe sarai. Ban da basilin, ban da man shafawa, ban da hoda. Ka warware ta a hankali, ka bar ɗan sarari a baki, ka riƙe da tafin hannu kamar daƙiƙa 15 ɗumin hannu ya kama gam ɗin. Sau ɗaya ake amfani da kowace. Wajen cirewa kada ka fisga, ka jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu ka naɗo ta a hankali.

Kan tambayarka ko yana jawo cuta: yana iya jawowa. Dakta Richard Harris, likitan nan ɗan Ostireliya mai nutson kogo, wanda ya shiga aikin ceto yara 'yan ƙwallo 12 da kocinsu daga kogo a Tailan a 2018, ya wallafa rahoto a 2009 kan matsalolin wannan bawul: ciwon mafitsara, shigar iska mafitsara, da tsotsar da Baban Khalifa ya bayyana. Tiyo mai danshi da ragowar fitsari a ciki, a zafin garuruwanmu, gidan ƙwayoyin cuta ne. Akwai wata ƙwaya, Pseudomonas, da ke son irin wannan wuri, kuma magungunan da ake saya a kemis da yawa ba sa kashe ta. In bayan nutso ka ji zafin fitsari, ko yawan zagayawa kaɗan-kaɗan, ko ciwon mara da ƙugu, ko zazzaɓi da rawar ɗari, kada ka ce maleriya ce ka haɗiyi magani. Ka je Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko wani mai ɗakin gwaji, a yi gwajin fitsarin a ga ƙwayar da maganin da ke cin ta, ka kuma faɗa wa likita abin da kake sawa. In ka ga jini, ka tuna masa tarihinka na tsargiya. Rigar za ta rage maka haɗuwa da ruwa, amma hannu da wuya da fuska in a buɗe suke tsutsar tana shiga ta nan ma.

Baban Khalifa ya rubuta:

Madalla da Malam Nas, ya faɗi abin da ya fi ƙarfin sanina. Zan ƙara abin da sai a ruwa ake ganinsa.

Ɗan bututun da ke bakin robar yakan yi tsawo. Ka rage shi da almakashi ta yadda in ka tura mahaɗin tiyo zai shige har kusa da gindinsa, kada a bar wani sashe mai laushi da zai lanƙwashe. Yawancin ɓarnar da ake yi a cikin riga daga nan take: bututu ya murɗe, mutum ya saki da ƙarfi, robar ta kumbura ta ɓalle. Tiyon kuma ya bi hanya mai lanƙwasa a hankali, ba kusurwa. Ni sama nake fuskantar da shi, ya zagayo ta bakin wando ya gangara cinya. Wasu ƙasa suke yi. Ka gwada duka biyu a banɗakin gidanka, sanye da rigar gaba ɗaya, ka tsuguna ka miƙe, ka yi bawalin a nan ka ga ya fita ta cinya. Kada ranar aiki ta zama ranar gwajinka na farko.

A ƙasa, ka tabbata hular a buɗe take, ka saki kaɗan tukuna. In ka ji yana tafiya, ka ci gaba a hankali. In ka ji robar tana cika tana kumbura, ka tsaya, ka gyara kwanciya, ka miƙe ƙafa, ka sake gwadawa. Kada ka yi yunƙuri. Kuma kada ka jira sai mara ta cika fam, a lokacin ba ka da ikon sassautawa. Da farko jiki yakan ƙi saki, domin tun yarinta aka hore shi kada ya yi a cikin tufa. Wannan yana wucewa.

Gumi shi ne abokin gabar gam a ƙasarmu. Ka ɗaura robar a ɗaki da sassafe jiki a bushe, ba a kan kwalekwale bayan ka yi dakon silinda ba. In za ka samu mahaɗi mai ɓallewa, wanda ake dannawa ya rabu, ka sa a tsakiyar tiyon, zai ba ka damar fita daga riga ba tare da ka taɓa robar ba. Kwalin robobin kuma kada ya kwana a mota, zafi yana kashe gam ɗinsu.

Wanki kuwa a ranar ake yinsa, kafin ka ci abinci ma. Ka samu babban sirinji, mai cin mil 50 ko 60, ka tura ruwa mai tsabta ta tiyon sau da yawa har ya fita ta waje. Ruwan famfo ko na leda, ba na dam ba. Sannan ka tura ruwan khal, wato vinegar, da aka sirka, yana narkar da gishirin fitsarin da ke daskarewa a bakin robobin, ka bar shi 'yan mintuna, ka ɗauraye. Ka rataye tiyon bakinsa ƙasa ya tsane. Kafin nutso na gaba ka sake ɗaurayewa. Lokaci-lokaci ka kwance 'yar robar mai bakin agwagwa ka duba ta a haske: gashi ɗaya ko ƙwayar yashi in ta maƙale a tsagar, fitsari zai riƙa komawa cikin riga. A hunturu ƙura tana shiga ko'ina, ka rufe bakin tiyon da leda bayan ya bushe. Kuma ba a aron wannan abu, ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Batun sallah, ni abin da nake yi shi ne in tsara aiki tsakanin asuba da azahar. Bayan na idar da asuba nake ɗaurawa. In na fito sai in cire gaba ɗaya, in yi tsarki da ruwa, in sauya wando, in yi alwala. Ba na sallah da ita a jikina, domin ko an raba ta da tiyo akwai ragowar najasa a bakinta. In akwai nutso na biyu da yamma sabuwa nake sawa, shi ya sa nake tafiya da fiye da buƙatata. Ranar da aiki ya haɗiye lokaci ba yadda za ka yi, wannan hukunci ne, ka zauna da malaminku a Bolari ka yi masa bayanin abin yadda yake, ba tare da kunya ba, ya ba ka amsa.

Ɗan Bolari ya rubuta:

Na gode, Yaya. Na gode, Malam Nas, Allah Ya ƙara basira. Mai Kwalekwale, kai ma na gode, zan riƙe famfas ɗin a jaka saboda ranar da robobi suka yanke.

Jiya ƙanena ya yi mini alamar alli a cinyar hagu, domin a dama akwai aljihu kuma a nan wuƙata take. Na sa rigar na cire na sake sawa, alamar ba ta kauce ba. Wani baduku a babbar kasuwa ya yarda zai ara mini abin huda, na kai masa woshar mun gwada a kan tsohuwar fata, girman ya yi daidai. Gam ɗin da robobin na ba da saƙo Legas, na ce a haɗo da takardar awo kafin a sayi kwali guda. Ba zan huda ba sai gam ya iso hannuna. Na kuma karanta wa abokan aikina abin da ka rubuta kan shan ruwa, biyu daga cikinsu sun ce su ma za su nemi nasu bawul ɗin.

Abu ɗaya ya rage, Yaya. A shagon da nake ajiye kayana akwai janareta, kuma ɗakin yana ɗaukar zafi da rana. Zan iya rataye rigar a can?

Baban Khalifa ya rubuta:

A'a, ƙanena, ka fitar da ita daga can yau. Hayaƙi da tururin fetur da zafi suna cin robar wuya da ta hannu, su sa ta yi danƙo ta tsattsage, 'yan robobin bawul ɗin ma haka. Ka kai ta ɗaki mai inuwa a gida, ta bushe ciki da waje, ka barbaɗa wa robar wuya da ta hannu hoda maras ƙamshi, ka shafa wa zif ɗin kakinsa. In gam ya iso, ka ɗauki hoton alamar kana sanye da rigar da ɗamarunka ka turo in gani kafin ka buga hujin.